Tambayoyi da Amsoshi a Kan Rubuta Ikweshan na Miƙaƙƙen Layi da Zana Shi ta Tsarin Ɗigo da Gangara

Mene ne tsarin ɗigo da gangara?

Hanya ce ta rubuta ikweshan na miƙaƙƙen layi idan ka san abu biyu: ɗigo ɗaya da layin ya ratsa, da kuma gangararsa. Ga yadda ake rubuta shi:

y − y₁ = m(x − x₁)

Harafin m shi ne gangara. Su kuma x₁ da y₁ lambobin matsayin ɗigon da aka ba ka ne. Idan aka ce layi ya bi ta ɗigo (2, 5) kuma gangararsa 3 ce, sai ka sa kowace lamba a gurbinta, ka samu y − 5 = 3(x − 2). Shi ke nan, ka gama rubuta ikweshan ɗin, ba tare da ka yi tarawa ko rabawa ba.

Ita gangarar, me take aunawa?

Tana auna yadda layi ke hawa ko sauka duk lokacin da aka matsa taki ɗaya zuwa dama. Ka ɗauki matakalar bene: kowane mataki yana da faɗi, yana da tsayi. Idan ka raba tsayin da faɗin, ka samu gangarar benen. Haka abin yake a kan giraf. Ka ɗauki ɗigo biyu a kan layi, ka ga nawa y ya canja, ka ga nawa x ya canja, sai ka raba na farko da na biyu:

m = (y₂ − y₁) / (x₂ − x₁)

Idan m ta fi sifili, layin yana hawa ne daga hagu zuwa dama. Idan tana ƙasa da sifili, sauka yake yi. Layi mai gangara 5 ya fi mai gangara 1 miƙewa sama, mai gangara 1/4 kuma kusan a kwance yake. Abin da ya sa ake kiran layi miƙaƙƙe shi ne gangararsa ba ta canjawa: ko ina ka auna, ko da wane ɗigo biyu ka auna, amsa ɗaya za ka samu. Riƙe wannan da kyau, domin a kansa aka gina duk abin da zai biyo baya.

Daga ina wannan tsari ya fito? Ko dai haddace shi kawai zan yi?

Ba sai ka haddace ba, kuma a ganina hadda ce ke jefa yawancin ɗalibai cikin rikici. Tsarin ɗigo da gangara ba wani sabon abu ba ne, ma'anar gangara ce aka sake jera ta.

Ka ce kana da ɗigo sananne, (x₁, y₁). Ka ɗauki wani ɗigon a kan layin, kowanne ne, ka kira shi (x, y). Tunda gangara ba ta canjawa, gangarar da ke tsakanin waɗannan biyun dole ta zama m:

(y − y₁) / (x − x₁) = m

Yanzu ninka hagu da dama da (x − x₁). Na ƙasa ya tafi, abin da ya rage shi ne y − y₁ = m(x − x₁).

Da baki, ga abin da ikweshan ɗin ke faɗa: hawan da ka yi daga ɗigon farko daidai yake da gangara sau tafiyar da ka yi zuwa gefe. Wanda ya gane wannan jimla, ko ya manta tsarin ana tsakiyar jarrabawa, zai sake gina shi cikin rabin minti. Ba zai kuma yi shakkar ko y ce a hagu ko x ba, domin ya san a wajen gangara y ke sama.

Akwai wata ƙaramar riba da ninkawar ta kawo. A rubutun farko mai sama da ƙasa, ba za ka iya sa x = x₁ ba, don ƙasan zai zama sifili. Wato shi kansa ɗigon da aka fara da shi ba ya shiga. Bayan an ninka, matsalar ta kau: sa x₁ da y₁, ka samu 0 = 0, ɗigon ya shiga layinsa.

Me ya sa x₁ da y₁ ke komawa lambobi, amma x da y suna nan a haruffa?

Domin x₁ da y₁ na ɗigo ɗaya ne tak, wanda ka riga ka sani. Su kuwa x da y suna wakiltar duk ɗigon da ke kan layin, waɗanda ba su da iyaka. In ka maye gurbinsu da lambobi, ba ka da ikweshan na layi kuma.

Alamar debewa tana rikita ni, musamman idan ɗigon yana da lamba ta ƙasa da sifili. Yaya zan yi?

Nan ne aka fi zubar da maki, don haka bari mu ɗan tsaya. Tsarin da kansa yana ɗauke da alamar debewa guda biyu. Idan lambar da za ka sa ita ma tana da tata alamar, sai su haɗu su zama tarawa.

Ɗauki ɗigo (−4, 1) da gangara −2. Kada ka yi gaggawa. Fara rubuta shi yadda yake, da baka a kewaye da lambar:

y − 1 = −2(x − (−4))

Sannan ka gyara: y − 1 = −2(x + 4).

Wannan matakin tsakiya da ake ganin ɓata lokaci ne, shi ke hana kuskure. Waɗanda ke tsallake shi su ne ke rubuta x − 4, layinsu ya koma wani wuri daban, taki takwas daga inda ya kamata.

Haka kuma idan aka ba ka ikweshan aka ce ka fito da ɗigon, sai ka juya alamar abin da ka gani. A y + 7 = ½(x − 6), ɗigon shi ne (6, −7), ba (−6, 7) ba. Idan kana shakka, tambayi kanka: wace lamba zan sa a x cikin bakan ya zama sifili? 6. Wace lamba zan sa a y hagun ya zama sifili? −7. Wannan tambayar ba ta yaudara. Ka lura kuma cewa a ikweshan y ce ke fara bayyana, amma wajen rubuta ɗigo x ce ke gaba. Mutane da yawa suna samun lambobin daidai sannan su jera su a juye.

Ita gangara ba a juya alamarta. Yadda ka gan ta a gaban baka, haka take.

Idan ɗigo biyu aka ba ni, babu gangara fa?

Sai ka fara nemo gangarar. Ga (1, −2) da (4, 7):

m = (7 − (−2)) / (4 − 1) = 9/3 = 3

Ka kula da jeri. Idan da 7 ka fara a sama, to da 4 za ka fara a ƙasa, domin ɗigonsu ɗaya. Kana iya farawa da ɗaya ɗigon, ka samu −9 bisa −3, wanda shi ma 3 ne. Abin da ba ya halatta shi ne ka fara da wannan a sama, ka fara da wancan a ƙasa.

Da gangara ta samu, zaɓi ɗigo ɗaya cikin biyun. Da na farko: y + 2 = 3(x − 1). Da na biyu: y − 7 = 3(x − 4).

To ai amsoshin biyu ba iri ɗaya ba ne. Wanne ne daidai?

Duka biyun. Buɗe bakan kowanne ka gani. Na farko: y = 3x − 3 − 2, wato y = 3x − 5. Na biyu: y = 3x − 12 + 7, shi ma y = 3x − 5. Layi ɗaya ne, an dai kwatanta shi daga wurare biyu.

Wannan hali ne na tsarin: layi guda yana da rubutu marar adadi, domin kowane ɗigo a kansa zai iya zama mafari. Saboda haka idan amsarka ta saɓa da ta bayan littafi ko ta abokin karatunka, kada ka yi saurin gogewa. Ku mayar da su duka zuwa y = wani abu, sannan ku gwada. Shi ya sa ma masu shirya jarrabawa sukan faɗi tsarin da suke son amsar ƙarshe ta fito a ciki, don masu duba takarda su samu abu ɗaya da za su auna da shi. Karanta tambayar har ƙarshe.

Wajen zaɓen ɗigo, ɗauki wanda lambobinsa suka fi sauƙi. In akwai mai sifili a ciki, shi ne naka.

Yaya ake zana layin a kan giraf daga wannan tsari?

Babu buƙatar jera teburin lambobi. Ikweshan ɗin ya riga ya ba ka wurin farawa da kuma inda za ka nufa.

Mu ɗauki y − 1 = (2/3)(x + 3). Ɗigon shi ne (−3, 1), sai ka fara sa alama a nan: taki uku zuwa hagu daga tsakiya, taki ɗaya sama. Gangara 2/3 na nufin duk tafiyar taki 3 zuwa dama, layin zai hau taki 2. Daga (−3, 1), matsa 3 dama, hau 2, ka sauka a (0, 3). Sake yi, ka sauka a (3, 5). Ɗora rula a kansu ka ja layi, ka zarce ta kowane gefe.

Ɗigo biyu sun isa su tsayar da layi, amma ina ba da shawarar a nemi na uku. Duk ɗigo biyu da ka sa, ko da kuskure a ciki, rula za ta haɗa su lafiya lau, ba za ka san ka kauce ba. Na ukun ne ke tona asiri. Kuma gwargwadon nisan da ke tsakanin ɗigogin, gwargwadon ingancin zanen, domin ɗan karkacewar rula tsakanin ɗigo biyu makusanta yana zama babban kuskure a can bakin takarda.

Idan gangara cikakkiyar lamba ce, kamar 3, ɗauke ta a matsayin 3/1: taki ɗaya dama, uku sama.

Idan tana ƙasa da sifili, kamar a y − 4 = −½(x − 1), fara daga (1, 4), matsa 2 dama, sauka 1, ka samu (3, 3), sannan (5, 2). Kana iya yin akasin haka, ka matsa 2 hagu ka hau 1, ka samu (−1, 5), duk a kan layi ɗaya. Alamar debewar ta ɗaya ce daga cikin lambobin biyu, ko ta sama ko ta ƙasa. In ka ba su duka biyun, ka tafi hagu kuma ka sauka, ka zana layi mai hawa alhali mai sauka ake nema. Kafin ka ɗaga biro, dubi zanen: gangara ƙasa da sifili, layi ya kamata ya sauka zuwa dama.

Wani abin lura shi ne ma'aunin takardar. Idan kowane gida a layin x (layin kwance na giraf) yana wakiltar 1, a layin y (na tsaye) kuma yana wakiltar 10, to ƙirga gidaje kawai zai ɓatar da kai. Lambobin da ke rubuce a gefe za ka bi. Manhajoji irin su Desmos da GeoGebra suna karɓar ikweshan a wannan tsari kai tsaye, suna da amfani wajen duba aikinka bayan ka zana da hannu.

Yaya zan mayar da shi zuwa sauran tsare-tsaren?

Zuwa y = mx + c: buɗe baka, ka bar y ita kaɗai. Daga y − 5 = 3(x − 2), ka samu y − 5 = 3x − 6, sai y = 3x − 1. Lambar ƙarshe, −1, ita ce inda layin ya ratsa layin y. Littattafan Amurka sukan rubuta b a maimakon c, abu ɗaya ne. Kuskuren da aka saba yi a nan shi ne a ninka 3 da x a manta da 2.

Zuwa Ax + By = C: fara kawar da lamba mai sama da ƙasa. A y − 1 = (2/3)(x + 3), ninka ko'ina da 3, ka samu 3y − 3 = 2x + 6. Tattara haruffa gefe ɗaya: 2x − 3y = −9. Gwada da (0, 3) da muka samu ɗazu: 0 − 9 = −9. Ya yi.

Tunda a ƙarshe y = mx + c ake komawa, me ya sa ba za a fara da shi ba?

Kana iya farawa da shi, ba laifi ba ne. Sai dai y = mx + c yana buƙatar wani ɗigo na musamman, wato inda x take sifili, kuma sau da yawa ba shi aka ba ka ba. Ka ce layi ya bi ta (7, 2) da gangara 3/5. Ta wancan tsari sai ka warware 2 = (3/5)(7) + c, ka samu c = −11/5, lambar da ko sa ta a kan giraf wahala ne. Ta tsarin ɗigo da gangara kuwa, y − 2 = (3/5)(x − 7), an gama, kuma zanen zai fara daga (7, 2), wuri mai tsabta.

Hasali ma y = mx + c ɗa ne ga wannan tsari. Sa ɗigo (0, c) a ciki: y − c = m(x − 0), wanda shi ne y = mx + c. Ga rubuta ikweshan, ɗigo da gangara ya fi sauri. Ga kwatanta layuka biyu ko neman ƙimar y da yawa a jere, y = mx + c ya fi daɗin aiki.

Akwai layin da wannan tsari ba zai iya rubutawa ba?

Akwai: layin da ke tsaye cak. Ɗauki (3, 1) da (3, 8). Canjin x sifili ne, kuma ba a raba lamba da sifili, don haka layin ba shi da gangarar da za a sa a gurbin m. Ikweshan ɗinsa x = 3 ne kawai.

Kada ka haɗa shi da layin kwance. Shi yana da gangara, sifili ce. Layin kwance da ya bi ta (2, 6) zai zama y − 6 = 0(x − 2), wato y = 6. Gangara sifili daban, rashin gangara daban.

Yaya batun layukan da ke tafiya a jere ba sa haɗuwa, da waɗanda ke gittawa a kusurwar digiri 90?

A irin waɗannan tambayoyi ne tsarin ya fi nuna amfaninsa, domin kullum ɗigo ake ba ka, gangara kuma ka ɗauko ta daga wani layin.

Layukan da ba sa haɗuwa gangararsu ɗaya. Idan ana son wanda zai jera da y = 2x + 7 ya bi ta (4, −1), amsa ita ce y + 1 = 2(x − 4). Ita 7 ɗin ba ruwanka da ita.

Masu gittawa a kusurwar digiri 90 kuwa, idan ka ninka gangarorinsu −1 za ka samu. Don haka sai ka kifa gangarar, sama ya koma ƙasa, ka kuma juya alamarta: 2 ta zama −½, −3/4 ta zama 4/3. Layin da ya gitta y = 2x + 7 ta (4, −1) shi ne y + 1 = −½(x − 4). Wannan ƙa'ida ba ta aiki ga layin kwance da na tsaye, ko da yake su ma a digiri 90 suke haɗuwa, saboda ɗayansu ba shi da gangara.

Ta yaya zan tabbatar ko wani ɗigo yana kan layi?

Sa lambobinsa a ciki. A y − 5 = 3(x − 2), ɗigo (5, 14) ya ba da 9 = 9, yana kai. Ɗigo (4, 10) ya ba da 5 a hagu, 6 a dama, ba ya kai.

A wajen aji, ina ake amfani da wannan?

Duk inda abu ke canjawa da sauri ɗaya, kuma aka auna shi a wani lokaci da ba farko ba. Tanki yana zubar da lita 15 a minti ɗaya, a minti na 10 aka duba aka tarar da lita 450. Gangara −15 ce, ɗigo (10, 450):

y − 450 = −15(x − 10)

Yaushe zai ƙare? Sa y = 0: −450 = −15(x − 10), sai x − 10 = 30, wato minti na 40. Nawa ne a ciki tun farko? Sa x = 0, ka samu lita 600. A nan layin yana da ma'ana ne daga minti 0 zuwa 40 kawai. Lissafi zai ci gaba da ba ka lambobi bayan haka, amma tanki ba ya riƙe ruwa ƙasa da sifili.

Ma'aunin zafi ma haka ne. Ruwa yana ƙanƙara a digiri 0 na Celsius, wanda shi ne 32 na Fahrenheit, yana tafasa a 100, wato 212, a matsin iska na bakin teku. Ɗigo biyu ke nan: (0, 32) da (100, 212). Gangara 180/100, wato 9/5. Saboda haka F − 32 = (9/5)(C − 0). Sa 37, zafin jikin ɗan Adam da aka saba ambata, ka samu 98.6. Idan kuma ka nemi inda ma'aunan biyu ke nuna lamba ɗaya, ka sa F = C, za ka tarar −40 ce.

Wa ya fara haɗa ikweshan da zane?

Aljabara ta girmi giraf da ɗaruruwan shekaru. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, ya tsara hanyoyin warware ikweshan, amma da kalmomi ya rubuta su, babu x babu y. Haɗa aljabara da zane ya zo ne a Faransa a ƙarni na 17, ta hannun mutum biyu da kowannensu ya kai ga abin da kansa. René Descartes ya buga nasa aikin a 1637, kuma daga gare shi aka gaji al'adar amfani da haruffan ƙarshe, x da y da z, ga abin da ba a sani ba, da na farko ga abin da aka sani. Pierre de Fermat ya rubuta nasa a daidai wannan zamani, sai dai rubutun hannu ne ya yi ta yawo tsakanin masana, ba a buga shi ba sai 1679, bayan rasuwarsa.

Zan sake haɗuwa da wannan tsari a gaba, ko a sakandare ya ƙare?

Za ka sake haɗuwa da shi, musamman in ka shiga kimiyya, injiniyanci ko tattalin arziki. A kalkulas, wato fannin lissafi da ke nazarin yadda abubuwa ke canjawa, ana neman miƙaƙƙen layin da ya shafi lanƙwasasshen layi a ɗigo ɗaya. Abin da ke hannunka a lokacin shi ne ɗigon, da gangarar da kalkulas ya fitar, wato daidai kayan aikin wannan tsari.

Ga misali. A kan y = x², a ɗigo (3, 9), gangara 6 ce. Layin da ya shafe shi a nan shi ne y − 9 = 6(x − 3). Da shi kana iya ƙiyasta 3.1 sau 3.1 da ka: tafiyar 0.1 ce, sau 6 ya ba da 0.6, a tara da 9 ya zama 9.6. Amsar gaskiya 9.61 ce. In ka yi nisa da ɗigon ƙiyasin yana lalacewa: a x = 5 layin zai ce 21, alhali 25 ne. Hanyar Newton ta neman amsar ikweshan masu wuya, wadda kwamfutoci ke amfani da ita, maimaita wannan dabara take yi: a ja layin a ɗigo ɗaya, a ga inda ya ratsa layin x, a koma can a sake ja, har lambobin su daina canjawa.